Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Zance Da Masu Musun Bakin Bakolori

Jama'ar Tsibiri, da na Gora da Janbako, da ku 'yan bokon Talata Mafara masu karanta jarida da gira a ɗage, ku matso kusa, yau da ku nake. Na zo da maganar da na san kafin in rufe baki wani zai ce a duba ko na sha maganina. Maganar ita ce, yanzu haka akwai na'urori a sararin sama, nisansu da ƙasa ya haura kilomita 600, waɗanda in aka juya idonsu kan madatsar Bakolori za su iya nuna inda laka ta fi yawa, da inda gansakuka ta fara taruwa, har ma su ba da alamar ko gansakukar irin mai kashe shanu ce ko irin wadda karfasa ke kiwo a kai. Ba su taɓa ruwan ba, ba su ɗanɗana ba. Launinsa kawai suke karantawa.

Na ji dariyarku tun daga nan. Ku yi ta, ba a karɓar haraji a kanta. In kun gama sai ku zo ɗaya bayan ɗaya, don na san musunku kamar yunwar cikina.

Ga Alhajin nan da ba ya rabuwa da rediyo a teburin mai shayi, ya tura hula gaban goshi ya ce, "Wanga aiki na mutanen bakin teku na, mi ag gaminmu da shi?" Alhaji, ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce, kuma tunda ba kullum kake samun rabi ba, ka riƙe ta da kyau. Lalle mutanen teku ne suka fi matsa wa irin wannan ido. A 2009 Amurkawa suka maƙala wata kyamara mai suna HICO a jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, don kallon gaɓar teku aka ƙera ta, ta kuma ɗauki hotuna sama da 10,000 kafin ta daina aiki a 2014. Amma ka tambayi abin da ya sa aka ware wa gaɓa ido na musamman? Tsakiyar teku ba ta da wuyar karatu. Ruwa ne shuɗi garai-garai, in ya sauya launi galibi abu guda ne ya sauya shi, wato ƙananan tsirran da ke yawo a cikinsa. A gaɓa kuwa haɗin gambiza ne: ga lakar da kogi ya kwaso, ga ruwan ruɓaɓɓen ganye, ga gansakuka iri-iri, ga ƙasan ruwan na leƙowa inda babu zurfi. To Alhaji, tsakaninka da Allah, wannan sifa ba ta Bakolori ba ce? Abin da ke sa masana ciwon kai a gaɓar Legas shi ne a ƙofar gidanka, gishiri kaɗai ka rasa.

Kuma kada ka cika taƙama da nisanka da teku. Gulbin nan da ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bunguɗu da Maru kafin ya huta a Bakolori, in an sake shi ba a Bakura yake kwana ba. Sakkwato yake wucewa ya gamu da Rima, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa kogin Kwara, daga nan Kainji, Jebba, Lakwaja, har ya zube a tekun Atilantika. Kai dai ba ka taɓa ganin teku ba, amma ruwan wankin babur ɗinka ya riga ka zuwa.

Bari in faɗi yadda abin yake aiki, don kada a ce tsibbu nake talla. Hasken rana da muke gani fari, tarin launuka ne, bakan gizo ya isa shaida. Kowane launi da tsawon zangonsa, ana auna shi da nanomita, wato a raba mita ɗaya gida biliyan. Idon ɗan'adam yana gani daga wajen 400, ɓangaren shuɗi, zuwa wajen 700, inda ja ya ƙare. In haske ya faɗa ruwa, abin da ke cikin ruwan yakan haɗiye wasu launuka ya maido da wasu, kuma kowane abu da irin cimarsa. Idonka da kyamarar wayarka kuwa, duk wannan arziki a ƙwarya uku suke zuba shi: ja, kore, shuɗi. Ka ɗauka mai awo ne ya zo kasuwar Talata da ƙwarya uku kacal, ya haɗa gero da maiwa da dawa wuri guda ya ce ai duk hatsi ne. Tauraron Turai mai suna Sentinel-2 ƙwarya 13 gare shi. PRISMA na Italiya, wanda aka harba a watan Maris na 2019, yana da kusan 240. EnMAP na Jamus da ya biyo baya a Afrilun 2022 shi ma ya haura 200, kuma su biyun suna awo har zuwa kusan 2,500, can inda idonka ya daɗe da makancewa. Saboda haka kowane ɗigo a hotonsu jerin lambobi ne sama da 200, in an zana su sai su ba da layi mai tudu da kwari. Tudun da kwarin nan ake karantawa.

Laka takan ɗaga layin ta ɓangaren ja, har ta tsallaka inda ido ba ya gani, alhali ruwa mai tsabta a can baƙi ƙirin yake fita, don ya haɗiye hasken kaf. Ruwan ruɓaɓɓen ganye shuɗi yake cinyewa. Koren da ke jikin kowane tsiro, kulorofil, yakan haƙa kwari a wajen 675 ya tada ɗan tudu a wajen 700. Akwai kuma wani ɗan kwari a wajen 620, wanda shi ne ya sa na tara ku.

Baba Sarkin Ruwa bai yi dariya ba, shi tsaki ya ja. "Yaro, tun ba a haihi ubanka ba nike karatun ruwa. In ya yi ja na san an yi ruwa Gusau, in ya yi kore na san inda karhwasa take." Baba, na durƙusa, wane ni in ja da kai. Sai dai ka lura, sana'arka tauraron nan ya sata. Launi kake dubawa, launi yake dubawa, in ka ce nasa ƙarya ne to ka taɓa naka. Inda kuka rabu shi ne ƙafa. Tafkin nan in ya cika yana shafe hekta 8,000, ya miƙe kilomita 19 zuwa sama. Kwana nawa za ka yi da filafili kafin ka kewaye shi? Kuma kafin ka kai can kai, nan bakin madatsa bai sauya ba? Shi kuwa yanka shi yake gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo mita 30 faɗi, kusan gida 89,000, ya karance su duka kafin ka gama warware birgi. Sannan karatunka a kanka yake, Baba, Allah ya ja kwana. Ranar da ka yi fushi da mutanen hukumar kogunan Sakkwato da Rima, ka tafi da littafinka. Nasa kuwa a ajiye yake, ana ɗauko na bana a jera da na bara.

Ga kuma inda idonka, da duk kaifinsa, zai iya cin amanarka: kore ba ɗaya ba ne. Akwai gansakuka mai zare-zare, wadda in ka tsoma sanda ka ɗago za ta biyo ta tana reto, wannan yawanci ƙazanta ce kawai da toshe hanyar ruwa. Akwai kuma wadda in ka tsoma sanda za ta fito a shafe da kore, ba zare ba kauri. Wannan ta biyun ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira sayanobakteriya, kuma wasu daga cikinsu suna sakin gubar da ke cin hanta, wasu mai taɓa jijiya. Suna ɗauke da wani launi nasu, faikosayanin, wanda ke haɗiye haske a wajen 620. To Sentinel-2 yana da ƙwarya a 560, ta gaba sai a 665, wato wurin da ake nema ya faɗa tsakani. Yana ganin kore ya yi yawa, amma wane kore ne, sai dai ya yi kirdado. Mai ƙwarya 200 ba ya tsallake wurin. Duk tsadar da aka kashe, a kan irin wannan ɗan tsakani aka kashe ta.

Wanda yake son ya ga bambancin da idonsa, ba sai ya je Italiya ba. Ka sami kwalba mai haske, ka ɗebi koren ruwan kada ka cika ta, ka rufe ka ajiye a wuri mai sanyi inda yara ba za su girgiza ba, ya kwana. Da safe laka ta kwanta a gindi. In koren ya bi ta ya kwanta, da sauƙi. In kuwa ya taso ya yi zobe a saman ruwan, to ka yi hattara, don masu gubar nan suna da 'yan jakunkunan iska a jikinsu da ke ɗago su. Wannan gwaji ba hukunci ba ne, ishara ce, amma ta isa ka kora awakinka gaba, ka kuma wanke hannunka.

Na ga Ardo ya dogara da sanda yana murmushi, wai shanunsa sun sha ruwan da ya fi wannan muni ba su ko yi atishawa ba. Ardo, Allah ya ƙara wa garke albarka, amma saurari wannan. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a arewacin Botsuwana, hukumomin ƙasar kuma suka ɗora laifin a kan gubar irin wannan gansakuka a tafkunan da suke sha. Giwa fa, Ardo, ba maraƙi ba. In kuma ka ce ai wannan daji ne, to a watan Agustan 2014 birnin Toledo na Amurka ya yi kwana uku mutane wajen 400,000 an hana su shan ruwan famfo, saboda gubar ta taru a tafkin Erie daidai inda suke jan ruwa. Tafasawa ma ba ta kashe ta. Abin da ya ciyar da ita a can, takin zamani ne da ruwan sama ya wanko daga gonaki.

Kayan haɗinta uku ne: zafi, ruwa a tsaye, da taki. Zafi dai ba sai an ba mutumin Mafara labarinsa a watan Afrilu ba, lokacin da tafki ya ja baya iska ta ɗauke. Taki kuwa a yi adalci: kamfa da yuriyar da manoman shinkafa na aikin ban-ruwa ke zubawa ba tafkin suke komawa ba, don gonakin a ƙasan madatsa suke, abin da ya tsere musu gulbi yake bi ya nufi Sakkwato. Wanda ke shiga tafkin shi ne abin da damina ta wanko daga gonakin sama da magudanan Gusau, da na masu noma a bakin ruwa in ya ja baya. Ban ce Bakolori ta lalace ba, kada wani ya ari bakina ya ci mini albasa. Na ce kayan haɗin suna nan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ga ɗan acaɓa ya kashe mashin ya jefo wadda ta fi duka zafi: "In har yana ganin gansakuka daga sama, don me ba ya ganin ɓarayin daji?" Ɗan'uwa, wannan tambaya ba ta dariya ba ce, kowa a Maradun ya san abin da ya sa ka yi ta. Amsar ba ta da daɗi. Wannan ido ya sayar da kaifin gani ya sayi rarrabe launi. Gidansa guda mita 30 ne, kai da mashin ɗinka da fasinja biyu da buhun albasa duk kun narke a cikin ɗigo ɗaya. Ba shi da fitila, da hasken rana yake aiki, da hantsi yake wucewa, kuma sai a yi kwanaki bai sake bi ta kanmu ba. Mai farautar ɓarawo wani ido yake buƙata daban. Sai dai halin da ake ciki shi ne ya ƙara wa wannan daraja: akwai lungunan tafkin da ma'aikaci mai iyali zai yi tunani sau biyu kafin ya je ɗiban ruwan gwaji, tauraro kuwa ba a tare shi a hanya.

Inna kuma ta aiko daga cikin gida, ta ce ita tambayarta ɗaya ce: zai gaya mata ko ruwan da ke randarta zai sa jikokinta amai da gudawa? Zai ga gubar dalma? Inna, ina gaisuwa, kuma a nan ke kika ci. Ba zai gani ba. Ƙwayar amai da gudawa ba ta da launin da za ta nuna wa sama. Dalmar da ta narke a ruwa ba ta sauya masa fuska. Bala'in da ya fito fili a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, wanda ya ci yara sama da 400, ba tauraro ya gano shi ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura yara na mutuwa, aka auna jini, aka auna ƙasar gidajen da ake niƙa dutsen zinariya. Ita kanta gubar gansakukar ba ita yake gani ba, launin mai ɗauke da ita yake gani, ko ta saki gubar ko ba ta saka ba sai an kai kwalba ɗakin gwaji. Don haka ki ci gaba da tace ruwanki da sa alif da tafasawa, kada ki ce na ce tauraro ya ɗauke miki aiki. Abin da zai iya yi miki shi ne ya nuna inda ciyayin ruwa suka yi duhu a bakin tafki, inda katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke son fakewa, a san mashigin da za a hana yara wanka.

Malamin makaranta ya ɗaga hannu, shi a dole sai ya kama ni. Ya ce hazo fa? Malam, ka kama, amma ba kai ka fara kamawa ba. Ruwa abu ne mai rowar haske. A kan teku, cikin hasken da ke isa idon tauraro, abin da ya fito daga ruwan kansa yakan gaza kashi 10 cikin 100, saura duk iska ce da ƙura suka watso. Sai an yi lissafi an ɗebe nasu kafin a ga na ruwa. To ka tuna Janairu a nan, lokacin da ƙurar kwarin Bodele na Cadi ke rufe mu har rana ta koma abar kallo da ido tsirara. In lissafin ya karkace, ƙurar sama sai ta fito a hoto a matsayin lakar ruwa. Shi ya sa ake da tashoshin auna ƙurar iska daga ƙasa, akwai a Ilori, akwai a Banizumbu ta Nijar. A Agusta kuma, daidai lokacin da gulbi ke shigowa ja wur kowa na son gani, gajimare ya ja labule. Akwai ranar da ƙyallin rana a fuskar ruwa ke ɓata hoto ɗungum. Ranakun albarka su ne na kaka bayan ɗaukewar ruwa, da na bazara in iska ta washe. Da yake bazarar ita ce lokacin haɗarin gansakuka, ba a yi asara duka ba.

Ƙara da wannan, Malam, tunda kana tara laifi: ba ya ganin zurfi. A ruwa mai laka haske ba ya nutsawa da nisa, abin da ke sama-sama kawai ake karantawa. A takarda Bakolori tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, amma tun da aka gama ta a 1978 kowace damina gulbi na sauke mata kaya a ciki. Yawan lakar da ta kwanta a ƙasa sai an shiga jirgi da na'urar auna zurfi. Abin da tauraro zai nuna shi ne ta wace ƙofa lakar ta fi shigowa, a wane wata, har ina take kaiwa kafin ta kwanta, a san ƙoramar da za a bi a dasa itatuwa a gyara zaizaya. Ƙananan hanyoyin ruwan gonaki ma sun yi masa siriri, waɗannan sai ƙaramin jirgi maras matuƙi, shi ma a sanar da mai gari tukuna, don a Zamfarar yau in abu ya yi shawagi a kan ƙauye ba bayani, kasuwa watsewa take.

Ɗan boko mai jakar hannu ya ce duk wannan kayan Turawa ne, ina namu? Muna da su, ranka ya daɗe, kada ka yi fushi. Hukumar sararin samaniyarmu NASRDA ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, muna kuma da cibiyar nazarin hotunan sama a Jos. Sai dai namu masu ƙwarya uku ne zuwa huɗu, sun iya nuna gona da ambaliya, ba su iya rarrabe kore da kore ba. Kafin ka ce to ina kuɗin saye, hotunan Sentinel-2 kyauta ne ga duk mai intanet, kuma kowane kwana biyar yana zagayowa. PRISMA da EnMAP su ma ba sa karɓar kuɗi a hannun mai bincike, sai dai ka yi rajista, kuma da yake ba ko'ina suke ɗauka kullum ba, sai ka nemi a juya idon kan wurin da kake so, ka shiga layi. Kada kuma sabon suna ya ruɗe ka: PACE da NASA ta harba a Fabrairun 2024 gwani ne a kan teku, amma gidansa guda ya kai kilomita, duk Bakolori ba za ta wuce ɗigo 80 a idonsa ba. Dabara ita ce a sa Sentinel-2 gadi, in ya ga kore ya yi yawa a kira mai ƙwarya 200 ya tantance. Abin da ya rage kwamfuta ce, da wutar da za ta riƙe ta, da yaro mai haƙurin lissafi. A cikin ukun nan kun san wadda ta fi wuyar samu, ba sai na faɗa ba.

Akwai dattijon da tun ɗazu bai ce uffan ba. Da ya ji an ambaci Italiya sai ya kau da kai. A nan zan ajiye wasa. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar nan, bango mai tsawon kilomita biyar da rabi, da alkawarin shayar da hekta 23,000. Ruwa ya ci gidaje da gonakin mutanen Maradun da kewaye, manoman da aka yi aikin a kan gonakinsu suka yi ta jiran diyya, na fadamun ƙasa kuma suka wayi gari ambaliyar da ke ciyar da shinkafarsu da kifinsu ta ragu. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini a Birnin Tudu da ƙauyukan kusa. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa ga wasu masana za su dubi ruwansa daga nesa su yanke shawara, yana da haƙƙin ya yi shakka. Baba, shakkarka ba jahilci ba ce, gado ce mai tsada.

Amma ka dubi abin da ya ɓata aikin farko: an auna ƙasa, an auna ruwa, ba a tambayi masu wurin ba. Wannan karon kuwa, ko ana so ko ba a so, na'urar ba ta aiki sai da ku. Lissafin da aka gina a kan tafkunan Turai ba ya zama daidai a kan ruwan Zamfara, don lakarmu daban, ƙurarmu daban. Sai wani ya shiga jirgi a ranar da tauraro zai wuce, a sa'ar da zai wuce, ya ɗebi ruwa a wuraren da aka sa wa alama, a gwada abin da kwalba ta ce da abin da sama ta ce, a yi ta gyara har su daidaita. Ɗaya daga kayan wannan aiki ma zai ba ka dariya. Farin faifai ne, wanda wani malamin Italiya mai suna Angelo Secchi ya gwada a teku tun 1865, kuma har yau masana ba su yar da shi ba. Farin murfin langa ya isa. A huda tsakiyarsa, a ɗaura igiya mai ƙulli a kowane santimita 10, a rataya masa ɗan ƙarfe a ƙasa don ya nutse a miƙe. Ka zauna a gefen jirgi da ke inuwa, ka sake shi a hankali kana kallo, fari ya koma ruwan ƙasa, ya dushe, ya ɓace. Ka danne igiyar a fuskar ruwa da ɗan yatsa, ka ɗago ka ƙirga ƙulli. Lambar nan ita ce tsabtar ruwan wurin a ranar, kuma ba a Roma ko Balin za a same ta ba, sai a hannun mai filafili. An kashe kuɗin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING an gyara hanyoyin ruwan gonaki, to ruwan da ke bi ta cikinsu shi ma yana son mai duba lafiyarsa.

Saboda haka ba na roƙon kowa ya yarda da ni. Yarda ma ba ta da amfani a wannan aiki, musunku nake so, amma a ɗauke shi daga teburin shayi a kai shi bakin ruwa. Ga ɗalibai a kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, ga jami'ar tarayya a Gusau, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kowace shekara ana neman abin da za a rubuta kundin kammala karatu a kai. A sami malami guda ya nemi hoton bazara mai zuwa. A ranar, Sarkin Ruwa ya zaɓi wuri goma da jirgi zai iya zuwa lafiya, ya faɗi nasa hukuncin a gaban shaidu tun hoto bai iso ba: nan laka, nan kore mai zare, nan wanda ban yarda da shi ba. A saki murfin langa, a cika kwalabe, a kai ɗakin gwaji. Sannan a baje uku a tabarma, na Baba da na kwalba da na sama.

In tauraro ya sha ƙasa, na ɗauki nauyin tarwaɗar walima, kuma zan rubuta a wannan shafi cewa masuntan Tsibiri sun kada Jamus da Italiya a zama ɗaya. In ya yi daidai da kwalba, masu musu su haɗa kuɗin man jirgi na zagaye na biyu, don gwaji ɗaya ba ya zama ilimi. In kuwa Baba da tauraro suka haɗa baki, abin da na fi zato ke nan, to sai ku nemi wani abin musun. Sharaɗina ɗaya ne kawai: alƙalin gasar kada ya zama mahauci, don ko ruwan ne ya buɗe baki ya yi shaida, mahauci ba zai ba masunci gaskiya ba.